Ƙwayar Hanji Mai Suna Faecalibacterium prausnitzii da Ciwon Kumburin Hanji

Tun sa'ad da aka fara koyar da ilmin kiwon lafiya da Hausa a makarantu, sunan da aka laƙaba wa ƙananan halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita shi ne "ƙwayoyin cuta". Sunan ya bi bakin mutane, ya kuwa yi amfani ƙwarai wajen hana shan ruwan kududdufi da cin abincin da ƙuda ya sauka a kai. Amma yana da aibi guda, watau ya kan sa mai koyo ya ɗauka kowace bakteriya abokiyar gaba ce. Alhali kuwa masu kawo cuta 'yan kaɗan ne cikin taron. A 2016 waɗansu masana uku na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, Sender da Fuchs da Milo, suka yi lissafi, suka ƙiyasta cewa jikin baligi matsakaici yana ɗauke da bakteriya wajen tiriliyan 38, ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa kuwa wajen tiriliyan 30 ne. Galibin wannan runduna a babban hanji ta ke zaune, mutum yana ci tana ci, ba ya ma sanin tana nan. Saboda haka a wannan takarda za a kira su "ƙwayoyin hanji", a bar wa masu ɓarna sunan ƙwayoyin cuta. Wadda za a yi magana a kanta guda ce daga cikinsu, wadda likitoci su ke lura da ita domin ƙarancinta ne, ba yawanta ba, ya ke tafe tare da ciwo.

Ciwon da a ke nufi

Ciwon kumburin hanji ba zawo ba ne na kwana uku, ba kuma atini ba ne da a ke sha wa magani ya wuce. Ciwo ne mai zama da mutum har ƙarshen ransa, ya lafa ya tashi, ya lafa ya tashi. Asalinsa garkuwar jiki ce ta ke faɗa wa bangon hanji da yaƙi ba ta tsagaitawa, har wurin ya kumbura ya yi gyambo. Ya fi kama mutum tsakanin balaga da shekara talatin da 'yan kai, watau daidai lokacin karatu da aure da neman abin kai.

Iri biyu ne manya. Na farko gyambon babban hanji, wanda Samuel Wilks, likitan asibitin Guy's na Landan, ya bayyana a 1859. Shi daga dubura ya ke farawa ya yi sama ba tsallake, bai kuwa cika wuce fatar ciki ta hanji ba. Alamarsa gudawa da jini da majina, da yawan matsuwar zagayawa. Na biyu shi ne ciwon Crohn. Wani likitan fiɗa na Glasgow, Kennedy Dalziel, ya riga ya yi bayaninsa a 1913, amma sunan ya bi Burrill Crohn, wanda shi da abokan aikinsa Ginzburg da Oppenheimer suka buga labarin majiyyata 14 na asibitin Mount Sinai a New York cikin 1932. Wannan kam yana iya kama ko'ina daga baki har dubura, ko da ya ke ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji. Ya kan ci nan ya tsallake can, ya ratsa kaurin bangon hanji duka, har hanji ya tsuke abinci ya kasa wucewa, ko kuwa ya huje ya buɗe hanya zuwa mafitsara ko fata. Da yawa daga masu shi sai an kai ga yanke wani yanki na hanjinsu.

An ƙiyasta masu ɗauke da ciwon kumburin hanji a duniya sun kai miliyan 6.8 a 2017. Ya fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa, inda a ƙasashe da dama ya kama fiye da mutum uku cikin dubu. Amma tun ƙarshen ƙarni na ashirin ya fara hauhawa a ƙasashen Asiya da Amurka ta Kudu da Afirka, a wuraren da birane suka girma abinci ya sake. A ƙasashe masu zafi gane shi yana da wuya, gama tarin fuka na hanji ya kan yi kama da ciwon Crohn ƙwarai, atini kuma ya kan yi kama da gyambon babban hanji, likita kuwa abin da ya saba gani shi ya ke fara zato.

Tun da daɗewa masana sun zargi cewa da hannun mazauna hanji cikin wannan al'amari. Hujja uku suka ƙarfafa zargin. A 1991 Paul Rutgeerts da jama'arsa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka nuna cewa in an yi wa mai ciwon Crohn fiɗa aka karkatar da abin da ke bin hanji ya fita ta wata kafa a ciki, wurin da aka ɗinke ya kan zauna lafiya, amma da zarar an mayar da hanya ciwon sai ya dawo. Sa'an nan akwai ɓerayen gwaji waɗanda aka haifa da raunin garkuwa mai sa hanjinsu kumburi. In aka rene su a wurin da babu bakteriya ko ɗaya, kumburin ba ya tasowa. Ta uku kuwa, a 2001 aka gano ƙwayar gado ta farko da ke da alaƙa da ciwon Crohn, mai suna NOD2, sai ga shi aikinta a jiki shi ne gane ɓurɓushin bangon bakteriya. To, daga nan tambaya ta zama: wace ƙwaya ce, kuma me ta ke yi?

Ƙwayar da kanta

Carl Prausnitz, wani likita Bajamushe, shi ya fara ware ta a 1922, aka sa mata sunansa a 1937. Ta yi shekaru da yawa cikin dangin da ba nata ba, a ƙarƙashin sunan Fusobacterium, har 2002 sa'ad da Sylvia Duncan da Harry Flint da abokan aikinsu a Cibiyar Rowett ta Aberdeen suka duba sinadarin gadonta, suka ga ba ta da kusanci da wancan gida. Suka yanka mata sabon suna, Faecalibacterium, ma'anarsa 'yar sandar cikin bayan gida. Sunan ba shi da daɗin ji, amma ya faɗi gaskiya: siffarta kamar sanda, kuma a nan a ke samunta.

Yawanta abin mamaki ne. A hanjin baligi mai lafiya ta kan kai kashi 5 cikin ɗari na dukan bakteriyar da ke bayan gidansa, a waɗansu mutane har kusan kashi 15. Jariri ba shi da ita sosai a watanninsa na fari, sai ya fara cin abinci ban da nono ta ke yawaita. Mai karatu zai ce, yaya abu mai yawa haka ya ɓoye wa masana shekara tamanin? Dalili shi ne ba ta jure iskar oksijin ko kaɗan. In aka fito da ita sarari, cikin 'yan mintoci ta mutu. Ba ta kuma yin ƙwanso ta kwanta ta jira, kamar yadda waɗansu danginta su ke yi in wuri ya ɓaci. A zamanin da ba a iya sanin bakteriya sai an shuka ta a faranti ta tsiro, wadda ta ke mutuwa kafin a kai ta faranti ba ta shiga lissafi yadda ya kamata. Sai da aka sami dabarar karanta sinadarin gado kai tsaye daga bayan gida, ba tare da shuka ba, sa'an nan aka ga ashe tana cikin manyan masu gida.

Sana'arta kuwa ita ce dafa abin da mutum ya kasa narkarwa. Harzar hatsi da ta wake da ganye da 'ya'yan itace ba ta narkewa a tumbi ko ƙaramin hanji, sai ta gangaro babban hanji yadda ta ke. A nan ƙwayoyin hanji su ke taruwa a kanta. Waɗansu, kamar Bifidobacterium, su kan farfasa ta su fid da wani tsami da a ke kira asitet. Ita kuma Faecalibacterium sai ta ɗauki asitet ɗin nan tare da nata rabon na harza, ta mai da su butiret. Butiret wani ɗan gajeren maiƙo ne, shi ne mai ba man shanun da ya daɗe ya lalace warin nan nasa, daga sunan man shanu ma a harsunan Turai aka ciro sunansa.

Wannan abu mai wari shi ne tuwon bangon babban hanji. A 1980 William Roediger ya nuna cewa ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin babban hanji ba daga sukarin jini su ke samun yawancin ƙarfinsu ba, kamar sauran jiki; wajen kashi 70 cikin ɗari daga butiret ne. Har ya kawo ra'ayin cewa gyambon babban hanji wata irin yunwa ce ta bangon hanji. A 2013 kuma ƙungiyoyin masana uku, a Japan da Amurka, suka nuna a jikin ɓeraye cewa butiret da 'yan uwansa suna ƙara yawan wani jinsi na fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne tsawata wa sauran mayaƙan garkuwa su mai da wuƙa kube.

Akwai wani sashe na wannan zama da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne mabuɗin sauran magana. Bangon hanji ba ya iya ƙona butiret sai da oksijin, saboda haka yana cin butiret yana shanye oksijin da jini ya kawo, ba ya barin ta ta tsiyaya cikin ramin hanji. Watau ƙwayar tana ciyar da bango, bangon kuma yana tsare ta daga iskar da za ta kashe ta. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Masanan Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ƙarƙashin Andreas Bäumler, sun nuna a 2017 abin da ke faruwa in aka katse wannan: suka ba ɓeraye maganin kashe bakteriya, masu yin butiret suka ragu, bango ya koma cin sukari, oksijin ta yawaita cikin hanji, sai Escherichia coli da danginta, waɗanda iska ba ta damunsu, suka yi ta yaɗuwa. Duk da haka Faecalibacterium ba ta rasa tata dabara ba. A 2012 masanan Groningen ta ƙasar Holan suka ga tana iya zama kusa da bango, inda ɗan oksijin ya ke, in ta sami bitamin B2 da waɗansu sinadarai masu ƙibiritu, gama da su ta ke kashe kaifin iskar.

Binciken Paris na 2008

Abin da ya fito da sunan wannan ƙwaya a duniya shi ne aikin Harry Sokol da Philippe Langella da abokansu a Faransa, wanda aka buga a 2008. Sun ɗauki yankin ƙaramin hanji da aka yanke wa masu ciwon Crohn, suka ƙidaya ƙwayoyin da ke manne da shi. Bayan wata shida aka zura wa majiyyatan madubi aka duba. Waɗanda ciwonsu ya dawo, sai aka tarar su ne waɗanda tun ranar fiɗa Faecalibacterium ta yi ƙaranci a hanjinsu.

Ba su tsaya nan ba. Suka haɗa ƙwayar da fararen ƙwayoyin jinin mutum a kwalba, sai ƙwayoyin jinin suka fid da saƙon kwantar da kumburi da yawa, wanda a ke kira IL-10, masu hura wuta kuwa kaɗan. Kana suka jawo wa ɓeraye kumburin hanji da wani sinadari, suka ba waɗansu ƙwayar da ranta, waɗansu kuma ruwan da aka rene ta a ciki kawai bayan an tace. Dukansu biyu ciwonsu ya yi sauƙi. Wannan na ruwa shi ya fi jan hankali, domin ya nuna akwai abin da ƙwayar ta ke zubarwa mai magani. A 2016 Elodie Quévrain da jama'ar wannan gida suka ware wani ɗan ƙaramin furotin daga ruwan, suka kira shi MAM, suka nuna yana toshe hanyar da ƙwayoyin bangon hanji su ke bi su kunna kumburi. Ashe ba butiret kaɗai ta ke da shi a jaka ba. A 2014 kuma masanan Leuven suka sami irin wannan ƙaranci a masu gyambon babban hanji, ita da wata mai yin butiret da a ke kira Roseburia hominis, kuma gwargwadon tsananin ciwo gwargwadon ƙarancinsu.

Inda gardama ta ke

Nan ne wajibi malami ya yi hattara, gama da sauƙi a faɗa wa ɗalibai cewa rashin wannan ƙwaya shi ke kawo ciwon, maganar ta zauna musu daram, alhali hujja ba ta kai nan ba. Wanda ya iske gidan da aka yi gobara babu tantabara ko ɗaya, ba zai ce tashin tantabaru ne ya kawo wuta ba. Hanjin da ya kumbura yana zub da jini, jini kuwa oksijin ya ke ɗauke da ita. Fararen ƙwayoyin jini suna watsa sinadarai masu ƙuna. Gudawa tana wanke kome da sauri. Ga magungunan da majiyyaci ya sha. Ƙwayar da ba ta jure iska ita ce za ta fara gudu daga wuri irin wannan, ko da ba ta da hannu cikin tashin ciwon.

Akwai kuma binciken da ya saɓa. A 2012 Richard Hansen da abokansa a Aberdeen suka duba bangon babban hanjin yaran da aka gano suna da ciwon Crohn, tun ba a fara ba su magani ba, sai suka tarar Faecalibacterium ta fi yawa gare su bisa ga yara marasa ciwon. Har wa yau akwai wata hanyar jiyya da a ke yi wa yara masu ciwon Crohn, watau a hana su kowane abinci sai wani kunu na musamman har mako shida zuwa takwas, yawancinsu kuwa ciwon ya kan lafa. A 2014 Konstantinos Gerasimidis da jama'arsa a Glasgow suka ga cewa a lokacin wannan jiyya ƙwayar raguwa ta ke yi, butiret ma haka, ga shi kuwa yaran suna samun sauƙi. Wanda ya ce ƙwayar ita ce dukan labari, sai ya nemi abin da zai ce da wannan.

Abin da ya fi dacewa da hujjojin duka shi ne a ɗauki al'amarin kamar da'ira. Gado da abinci da shan taba da magani da waɗansu dalilai su ke haɗuwa su tayar da kumburi; kumburi ya kori masu yin butiret; rashinsu ya bar bango da yunwa, oksijin ta ƙaru, masu jure iska su cika wuri, kumburi ya daɗa ƙarfi. A cikin da'ira neman wanda ya fara ba shi da amfani kamar neman inda za a iya yanke ta. Binciken Paris yana da nauyi daidai nan, domin ƙarancin ƙwayar ya riga dawowar ciwon, kuma gwajin ɓeraye ya nuna ƙwayar tana aiki ne, ba 'yar kallo ba ce. Amma fa ɓera ba mutum ba ne, kumburin da aka jawo da sinadari cikin kwana biyu kuma ba ciwon Crohn ba ne.

An ga ƙarancinta a waɗansu cututtuka ma. Bincike a Sin cikin 2012 ya same ta ta ragu a masu ciwon sukari irin na manya. A 2018 likitocin asibitin MD Anderson na Houston suka ba da labarin cewa masu sankarar fata waɗanda ke da ita da yawa sun fi amsa maganin da ke zuga garkuwar jiki. Duk waɗannan tarayya ce aka gani, tarkon tantabarun nan kuwa yana jiran kowannensu.

Abinci da magani

Tun da harza ce abincin masu yin butiret, dole magana ta biyo ta kan tukunya. A 2010 Carlotta De Filippo da abokanta suka gwada yara 14 na ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yara 15 na birnin Florence a Italiya. Yaran ƙauyen gero da dawa da wake da ganye su ke ci, watau kusan abin da a ke ci a karkarar ƙasar Hausa. Aka tarar ƙwayoyin hanjinsu sun fi yawan iri, gajerun maiƙon nan, har da butiret, sun fi yawa a bayan gidansu, dangin Escherichia kuwa sun fi ƙaranci. A 2015 Stephen O'Keefe ya musanya wa baƙaƙen Amurka 20 na Pittsburgh abinci da mutanen karkarar KwaZulu-Natal 20 a Afirka ta Kudu har mako biyu. Cikin wannan ɗan lokaci butiret ya ninka fiye da sau biyu a hanjin Amurkawan, ya ragu da wajen rabi a hanjin 'yan Afirka ta Kudun. Game da Faecalibacterium ita kanta, masanan Aberdeen sun nuna a 2009 cewa ta ƙaru a mutanen da aka ba inulin, wata irin harza da a ke samu a albasa da tafarnuwa. Tana kuma cin fektin, wanda ke cikin 'ya'yan itace da yawa. Wannan duka zance ne na mai lafiya. Wanda ciwon Crohn ya riga ya tsuke wa hanji, yawan harza yana iya toshe shi, saboda haka abincinsa sai da shawarar likita.

An kuma gwada ɗaukar taron ƙwayoyin hanjin mai lafiya gaba ɗaya a zuba wa mai gyambon babban hanji. A Hamilton ta Kanada cikin 2015 ciwon ya lafa ga mutum 9 cikin 38 da aka yi wa haka, da mutum 2 cikin 37 da aka zuba wa ruwa kawai. A Ostareliya cikin 2017 aka sami 11 cikin 41, da 3 cikin 40. Wani gwaji a Amsterdam cikin 2015 bai ga bambancin da za a dogara da shi ba. Amfani akwai, amma ga mutum ɗaya cikin huɗu, kuma taro ne aka zuba, ba a iya cewa wace ƙwaya ta yi aikin.

Ba da Faecalibacterium ita kaɗai a ƙwanson magani kuwa, babban cikas shi ne halinta na mutuwa a iska: sai an rene ta, an busar da ita, an ƙunshe, an ajiye, duk ba tare da oksijin ta taɓa ta ba, sa'an nan ta tsallake tsamin tumbi da ranta. Wani kamfani a Faransa, Exeliom, ya kai irin wannan ƙwanso ga gwaji a jikin masu ciwon Crohn. Jiyyar da likitoci su ke dogara da ita dai har yanzu magungunan danne kumburi ne da fiɗa in ta kama.

Wani abu kuma ya sake rikita lissafin. A 2022 Mitsuo Sakamoto da abokansa a Japan suka nuna cewa abin da a ke kira da suna ɗaya jinsi ne daban daban, suka raba su. Irin da aka yi gwajin Paris da shi a 2008, mai lamba A2-165, wanda yawancin abin da aka sani game da MAM daga gare shi ya fito, sai ya tashi daga prausnitzii ya koma Faecalibacterium duncaniae, don girmama Sylvia Duncan. Ƙidayar da aka yi a binciken farko duk a dunƙule aka yi ta, ba a bambanta wannan jinsi da wancan ba, masana kuwa yanzu suna sake bin samfuran majiyyata jinsi jinsi, su ga wanne ne ya ke raguwa a ciwon Crohn, wanne a gyambon babban hanji.